Yadda mai rubuta manhaja zai fara gudun motsa jiki, da abin da ya dace ya gina bayan ya fara

Duk wanda sana'arsa rubuta manhaja ce ya san yadda wuni ke shuɗewa yana kan kujera, daga hantsi har bayan Isha'i, babu abin da ke motsi a jikinsa sai yatsu da idanu. Illar irin wannan zama an daɗe da saninta. Tun a shekarar 1953 wani likita a Ingila, Jerry Morris, ya wallafa binciken da ya yi kan ma'aikatan motocin safa masu bene na birnin Landan, inda ya gano cewa direbobi, waɗanda ke wuni a bayan sitiyari, sun fi kwandastoci kamuwa da ciwon zuciya, alhali a mota ɗaya suke aiki. Bambancin shi ne kwandasta yana ta hawa da sauka a matakala tun safe. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ba da shawarar cewa baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi irin gudu, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Fita uku a mako, kowace ta rabin sa'a, ta kai mutum minti 90, wato ya haye mafi ƙarancin abin da ake nema.

Abin da ke hana yawancin 'yan sana'armu farawa shi ne ɗabi'ar da aiki ya koya mana, ta mayar da kowace buƙata tambayar kayan aiki. Mutum zai yanke shawarar fara gudu, sai ya kwashe makonni yana kwatanta agogon Garmin da na Apple, yana gwada manhajoji a waya, wani ma ya buɗe sabon aiki a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, domin ya gina tasa manhajar ta lissafin gudu tun bai taka kilomita ɗaya ba. Ra'ayina a nan a tsaye yake: a fara da ƙafa, a bi da takarda da biro, sannan a taɓa kwamfuta idan an tara abin da za a lissafa. Wannan jerin nake so in bi da mai karatu.

Kafin fita ta farko

Idan kana da hawan jini, ko ciwon suga, ko asma, ko sikila, ko kuma ka taɓa jin ciwon ƙirji ko jiri yayin da kake hawa bene, ka ga likita kafin ka fara, kuma ka gaya masa ainihin abin da kake shirin yi. Haka ma wanda ya haura shekara arba'in ya kuma daɗe rabonsa da wani motsi mai sa gumi. Batun sikila yana da muhimmanci a ƙasashenmu, domin ko wanda yake ɗauke da ƙwayar halittarta kawai, wato mai jinin AS, ya kamata ya yi hattara da gudu mai tsanani cikin zafi ba tare da isasshen ruwa ba. Gwajin hawan jini ba ya ɗaukar minti biyar, kuma mutane da yawa suna yawo da shi ba su sani ba.

Takalmi shi ne kawai abin da ya cancanci ka kashe masa kuɗi da farko. Ba dole ne ya zama sabo ba. A kasuwannin gwanjo irin Ƙofar Wambai a Kano ana samun kambas na gudu masu kyau, sai dai ka duba su da idon basira. Ka juya takalmin ka kalli ƙasansa, idan gefe ɗaya na dunduniyar ya cinye fiye da ɗayan ka ajiye shi. Ka danna farin sosan da ke tsakanin tafi da saman takalmin da babban yatsanka, idan ya yi tauri kamar katako ko ya cika tamoji to ya gama aikinsa, ko da samansa yana ƙyalli. Ka gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa gudu da ita, kuma ka bar fili kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafarka mafi tsawo da bakin takalmin. Ana ƙiyasta cewa takalmin gudu yana ɗaukar kilomita 500 zuwa 800 kafin sosansa ya mutu, wanda ga sabon shiga ya kai kamar shekara guda. Sutura kuwa, duk wadda ba ta da nauyi kuma iska na ratsa ta ta isa, kuma mata na iya gudu da dogon wando da riga mai yalwa da ƙaramin hijabi marar kauri ba tare da wata matsala ba.

Lokaci da wuri su ne suke yanke hukuncin ko mutum zai dore. A garuruwa irin Kano, Sakkwato, Maiduguri da Maraɗi, zafin bazara daga Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40 da rana, don haka lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar Asuba da zarar gari ya fara wayewa, lokacin da iska ke da sanyi kuma ababen hawa ba su cika titi ba. Ga mai rubuta manhaja wannan yana nufin dole ya rufe kwamfuta da wuri da daddare, kuma a ganina wannan ya fi gudun kansa wuya ga wanda ya saba aiki har ƙarfe biyun dare saboda a lokacin ne wuta ko intanet suka fi tsayawa. A hunturu, ranar da hazo ya yi kauri har ba ka hango ƙarshen layinku, ka bar gudun a waje, musamman idan kana da asma. Idan a bakin titi za ka yi, ka bi gefen hagu kana fuskantar motocin da ke tahowa, tunda a Najeriya da Nijar ta hannun dama ake tuƙi, kuma kada ka toshe kunnuwanka biyu, domin kana buƙatar jin mai babur ko mai adaidaita sahu da ya biyo hannun da ba nasa ba. Filin ƙwallon makaranta ko filin wasa ya fi titi sauƙi ga gwiwa. Idan ka samu shiga filin da ke da hanyar tsere ta ƙa'ida, zagaye ɗaya a layin ciki mita 400 ne, wato zagaye biyu da rabi kilomita ɗaya, goma sha biyu da rabi kuma kilomita biyar, kuma ba ka buƙatar wata na'ura ta gaya maka hakan.

Makonni tara na farko

Ba sai ka ƙirƙiro tsarin kanka ba. Akwai wanda ake kira Couch to 5K, wato daga kan kujera zuwa kilomita biyar, wanda wani Ba'amurke mai tsara shafukan intanet, Josh Clark, ya rubuta a 1996, daga baya hukumar kula da lafiya ta Birtaniya ta karɓe shi ta mayar da shi manhaja kyauta. Tsarin na mako tara ne, fita uku a kowane mako, da hutun aƙalla kwana ɗaya tsakanin fita da fita. Kowace fita tana farawa da tafiyar sauri ta minti biyar domin jiki ya ɗumama. A makon farko za ka yi sassarfa ta daƙiƙa 60, ka yi tafiya ta daƙiƙa 90, ka riƙa maimaitawa har minti 20 su cika. A mako na biyu sassarfar ta koma daƙiƙa 90, tafiyar minti biyu. Haka ake ta ƙara tsawon gudun ana rage tafiyar, har a fita ta uku ta mako na biyar a nemi ka yi minti 20 ba tsayawa, a mako na bakwai minti 25, a na takwas 28, a na tara kuma 30.

Makon farko zai yi maka kamar wasa, kuma a nan ne haɗarin yake. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da sabon aiki, cikin 'yan makonni za ka ji numfashinka ya daidaita, amma ƙashi da jijiyoyi, musamman agara da ƙwauri da kewayen gwiwa, sun fi su jinkirin ƙarfafa. Wanda ya tsallake makonni saboda yana jin ƙarfi a ƙirjinsa yakan wayi gari da ciwon ƙwauri wanda zai zaunar da shi wata guda. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, kuma a wannan fagen ita kaɗai ce ke kai mutum. Idan mako ya yi maka nauyi, ka maimaita shi, babu wanda ke riƙe maka da rajista.

Game da sauri, ma'auni mafi inganci ga sabon shiga shi ne magana. Idan kana gudu kana iya furta cikakkiyar jumla ga wanda ke gefenka ba tare da haki ya datse ta ba, saurinka daidai ne. Idan kalma biyu kawai kake iya fitarwa, ka rage, ko da ragewar za ta sa mai tafiya da sauri ya kusa kamo ka. Akwai lissafin da ake yawan ambatawa na cire shekarun mutum daga 220 domin a san iyakar bugun zuciyarsa a minti, amma ƙiyasi ne na jimlar mutane, yana iya saɓa wa naka da bugu goma ko fiye, don haka ban ga dalilin sayen agogo saboda shi ba. Ya kamata kuma ka san cewa minti 30 ba lallai ne su kai ka kilomita biyar ba, duk da sunan tsarin. Kafin hakan ya yiwu sai ka riƙa cin kowace kilomita cikin minti shida, yawancin masu farawa kuwa suna kusa da minti takwas, wanda ke ba da kilomita uku da kashi uku cikin huɗu. Wannan ba gazawa ba ce, nisan zai zo daga baya.

Ka koyi bambance ciwo iri biyu. Tsamin jiki da ke tasowa washegari ko bayan kwana biyu a cinyoyi da sharaɓa, a ƙafafu biyun baki ɗaya, abu ne da aka saba gani, kuma yana wucewa da kansa. Ciwon da ke wuri guda wanda za ka iya nuna shi da yatsa, ko wanda ke ƙaruwa yayin da kake gudu, ko wanda ke sa ka ɗingishi, shi ke buƙatar ka tsaya ka huta kwanaki, in bai lafa ba ka je asibiti. Ciwon ƙirji, jiri, ganin duhu, ko rikicewar tunani cikin zafi kuwa ba a jira da su: ka tsaya nan take, ka nemi inuwa da taimako. Ruwa kofi ɗaya ko biyu kafin fita ya wadatar ga gudun rabin sa'a da safe, sauran ka sha bayan ka dawo gwargwadon ƙishirwa. A watan azumi mafi aminci shi ne a rage tsawon gudun a kuma mayar da shi bayan buɗa-baki da sa'a biyu, ko bayan Tarawihi.

Rubuta abin da ka yi

A tsawon waɗannan makonni tara, littafin rubutu na ɗalibai ya ishe ka. Bayan kowace fita ka rubuta kwanan wata, mintin da ka yi, inda ka bi, yadda ka ji daga ɗaya zuwa goma, da duk wani wuri da ya yi maka ciwo. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya yi gudun famfalaki na kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Vienna a 2019, an san shi da rubuta atisayensa da hannu a littafi shekara da shekaru. Amfanin wannan rubutu shi ne, bayan fita 27 za ka san waɗanne tambayoyi ne kake yi wa kanka da gaske, kuma su ne za su zama buƙatun duk wata manhaja da za ka zaɓa ko ka gina. Mu da kanmu mukan gaya wa masu ba mu aiki kada a fara gini kafin a san abin da ake buƙata.

Idan ka ga kana son manhajar waya, sharaɗina ɗaya ne: ta ba ka damar fitar da bayananka a fayil irin GPX, wanda tsari ne buɗaɗɗe da kowace manhajar taswira ke iya karantawa. Strava, manhajar ajiye bayanan gudu wadda aka kafa a 2009, tana ba da wannan dama, haka ma Garmin Connect, manhajar agogon Garmin. Dalilin sharaɗin a bayyane yake, domin a watan Yulin 2020 masu kutse sun kai wa Garmin harin neman kuɗin fansa, manhajarsu ta tsaya na kwanaki, mutane suka kasa ɗora gudunsu ko duba abin da ke ajiye a can. Sannan ka shiga saitin sirri kafin gudun farko. A watan Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya, Nathan Ruser, ya lura cewa taswirar da Strava ta wallafa ta hanyoyin masu amfani da ita tana bayyana wuraren sansanonin soja a ƙasashe irin Siriya da Afganistan, saboda sojoji na gudu da na'urorinsu a kunne. Abin da ya tona asirin sansani zai tona ƙofar gidanka da lokacin da kake fita kullum. Ka ɓoye farkon hanya da ƙarshenta, ka taƙaita masu ganin gudunka ga waɗanda ka sani, kuma wannan ya fi zama wajibi ga mata da duk mai fita shi kaɗai da duku-duku.

Idan hannunka na ƙaiƙayin gini

Na san cewa mafi yawanmu za mu so mu gina wani abu, kuma hakan ba laifi ba ne bayan mako na tara. Shawarata ita ce ka zaɓi kayan aikin da suka tsufa suka kuma tabbata. Mutum ɗaya mai fita uku a mako yana samar da layi 156 ne kawai a shekara, kuma wannan adadi ba ya buƙatar sabar da za a riƙa biya da dala duk wata, ko rarraba aikin zuwa ƙananan manhajoji masu magana da juna. Fayil ɗaya na CSV, wato tebur a rubutu zalla da waƙafi ke raba ginshiƙansa, ya isa. Idan kana son yin tambayoyi da SQL, harshen bincika rumbun bayanai, ka ɗauki SQLite, wanda Richard Hipp ya fitar a 2000, rumbun bayanai ne da ke zaune a fayil guda, yana cikin kowace wayar Android da iPhone, kuma ba ya neman intanet ko wani saiti. PostgreSQL rumbu ne nagari, ina girmama shi a wurin aiki inda mutane da yawa ke rubutu a lokaci ɗaya, amma a nan nauyi ne da ba a buƙata. Harshen rubuta manhaja kuwa, ka yi amfani da wanda ka riga ka iya. Idan ba ka da zaɓi, Python ya zo da abin karanta CSV da XML (tsarin da ake rubuta GPX da shi) da SQLite a cikinsa, ba sai ka sauke komai ba, wanda ke da daraja ga mai lissafin data. Ban yarda da haɗa koyon sabon harshe da koyon gudu a wata ɗaya ba, domin idan ɗaya ya gajiyar da kai yakan ja ɗayan su faɗi tare.

Akwai wurare uku da ƙaramin aikin nan yake da sarƙaƙiya ta gaske, kuma su ne suka cancanci tunaninka. Na farko lokaci ne. Ka rubuta kwanan wata da shekara a gaba, sai wata, sai rana, kamar 2024-03-09, domin ya jeru daidai ko da a matsayin rubutu aka tsara shi. Fayil ɗin GPX yana ajiye lokaci da agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, Najeriya da Nijar kuwa suna gaba da shi da awa ɗaya duk shekara, don haka gudun ƙarfe shida na safe zai fito a matsayin ƙarfe biyar idan ba ka juya shi ba. Ka ajiye UTC a rumbu, ka juya shi sai lokacin nunawa. Na biyu ma'auni ne: ka ajiye nisa da mita, tsawon lokaci da daƙiƙa, dukansu cikakkun lambobi, ka lissafa minti nawa a kilomita lokacin da ake buƙata. Wanda ya ajiye minti shida da rabi a matsayin 6.30 zai samu jimla marar ma'ana, tunda daƙiƙa 30 rabin minti ce. Na uku shi ne nisa daga GPS. Fayil ɗin jerin wurare ne kawai, kowanne da lambobin matsayinsa a doron ƙasa da lokacinsa, kai ne za ka lissafa tazarar da ke tsakanin kowane biyu da dabarar haversine, wadda ke auna tazara a kan abu mai siffar ƙwallo, kana ɗaukar nisan tsakiyar duniya zuwa bayanta a matsayin kilomita 6371, sannan ka tara. Sai dai GPS na waya yana kuskuren 'yan mitoci a kowane wuri, musamman tsakanin dogayen gine-gine ko ƙarƙashin bishiyoyi, kuma idan ka tara waɗannan ƙananan karkace-karkace nisan yakan fito fiye da na gaskiya. Ka watsar da duk wurin da ke nuna saurin da ɗan Adam ba zai iya ba, ka yi biris da motsin da ake gani lokacin da kake tsaye, sannan ka gwada lissafinka da zagaye biyar a filin mita 400, inda ka san amsar mita 2000 ce.

Ka saka aikin a Git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen aiki, tun ranar farko, amma kada ka tura fayilolin GPX zuwa ma'ajiyar da kowa ke gani, saboda dalilin da na ambata game da ƙofar gida. Ka sa su cikin jerin abubuwan da Git zai ƙyale, ka kuma kwafe su a wuri na biyu duk ƙarshen wata. Rahoton farko da za ka rubuta ya zama jimlar mintin gudu na kowane mako, jere da na makonni huɗu da suka gabace shi, tare da ginshiƙin da ke nuna ranakun da ka rubuta ciwo. Idan jimlar mako ta yi tsalle sama da na baya da tazara mai yawa, ko kuma ciwo a wuri ɗaya ya bayyana sau biyu a jere, ka sa manhajar ta rubuta maka gargaɗi, kai kuma ka koma adadin makon da ya wuce kafin ka sake ƙarawa.